Naira ta Ƙarshe a Hannun Mai Cefane: Ƙa'idar Cikar Gamsuwa a Ilimin Tattalin Arziki

Gabatarwa

Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne guda biyu maƙwabtan juna a yammacin Jihar Kano. Titin da ya taso daga birnin Kano ta Rimin Gado shi ne ya ratsa yankin ya isa Gwarzo, sannan ya zarce Dayi a Jihar Katsina. Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'o'in hannu, sai kuma ma'aikata, waɗanda malaman makaranta suke cikinsu. Duk ranar da kasuwar Getso ko ta Gwarzo ko ta Garo take ci, ɗimbin magidanta sukan shige ta da matsala iri ɗaya: buƙatun gida sun fi kuɗin aljihu yawa. Akwai awo, akwai kayan miya, akwai sabulu, ga kuma kuɗin motar komawa gida. Bahaushe ya daɗe da taƙaita wannan hali da cewa iya kuɗinka iya shagalinka.

Wannan babi zai yi bayanin yadda masana tattalin arziki suka fahimci zaɓin da mai saye yake yi a cikin wannan ƙunci. Tambayar da ake son amsawa ita ce: ta yaya mutum zai raba kuɗin da ba su isa ba a tsakanin kayayyaki daban-daban, har ya samu gamsuwa mafi yawa da waɗannan kuɗi za su iya ba shi?

Gamsuwa da ƙarin gamsuwa

A wannan fage, gamsuwa tana nufin biyan buƙata ko jin daɗin da mutum yake samu daga abin da ya ci, ko ya sha, ko ya yi amfani da shi. An fifita wannan kalma a kan kalmar "amfani" saboda akwai abubuwan da suke gamsar da mai saye alhali likita ba zai kira su masu amfani ba. Taba misali ce. Masanin tattalin arziki ba ya yanke hukunci a kan abin da ya kamata mutum ya so. Yana duba abin da mutumin yake so ne, da kuma yadda yake bin sa da kuɗinsa.

Gamsuwa iri biyu ce a wurin lissafi. Jimillar gamsuwa ita ce dukkan abin da aka samu daga dukkan abin da aka yi amfani da shi. Ƙarin gamsuwa kuwa shi ne abin da ya ƙaru a kan jimillar saboda an ƙara guda ɗaya tak. Na biyun nan shi ne ginshiƙin babin, don haka yana da kyau a tsaya a kansa.

A ɗauki manomin da ya taso daga gona da tsakar rana a lokacin noman farko, aka kawo masa fura. Ludayin farko yana shiga ne kamar an yayyafa ruwa a busasshiyar ƙasa. Na biyar ma da daɗi, amma bai kai na farko ba. Idan aka kai na ashirin, manomin yana sha ne don kada a bar saura. In aka matsa masa ya ci gaba, zai kai matsayin da kowane ludayi wahala yake ƙara masa. Furar ba ta canja ba, nono ɗaya ne, gero ɗaya ne. Abin da ya canja shi ne ƙarfin buƙatar mai sha. Wannan shi ake kira dokar raguwar ƙarin gamsuwa: gwargwadon yadda mutum yake ƙara samun abu guda a lokaci guda, gwargwadon yadda kowane ƙari yake rage yi masa tasiri. A lura da cewa jimillar gamsuwa tana ci gaba da hawa muddin ƙarin bai kai sifili ba. Ɗalibai da yawa a nan suke tuntuɓe, sai su zaci raguwar ƙari tana nufin raguwar jimilla.

Wani Bajamushe mai suna Hermann Heinrich Gossen ne ya tsara wannan doka a rubuce a shekarar 1854, amma littafinsa bai samu masu karatu ba a lokacin rayuwarsa. Sai a farkon shekarun 1870 masana uku suka sake gano ta, kowa a nasa ɓangaren: William Stanley Jevons a Ingila da Carl Menger a Ostiriya a 1871, sai Léon Walras, Bafaranshen da yake koyarwa a Suwizalan, a 1874. Alfred Marshall ya shigar da ita cikin babban littafinsa na 1890, daga nan ta zauna daram a manhajar makarantu.

Da wannan doka aka warware wata tsohuwar tambaya da Adam Smith ya tayar a 1776: me ya sa ruwa, wanda rai ba ya yi sai da shi, yake da araha, amma lu'ulu'u, wanda ba a ci ba a sha, yake da tsada? Amsar ita ce, farashi yana bin ƙarin gamsuwa ne, ba jimilla ba. Mutumin da yake zaune a gefen madatsar ruwa ta Guzuguzu ko ta Magaga a ƙasar Kabo ba zai biya ko sisi don a ƙara masa bokiti ɗaya ba, domin yana da wanda ya ishe shi har da na wanke babur. Amma a unguwar da rijiyoyi suka ƙafe da bazara, ɗan garuwa yana sayar da jarka kuma ana rububinta. Karin maganar da ke cewa mai arziki ko a Kwara ya sai da ruwa, mamakinta a nan yake: a bakin babban kogi ƙarin gamsuwar ruwa kusan babu ce.

Ƙarin gamsuwa a kowace naira

Sanin ƙarin gamsuwa kaɗai bai isa mai cefane ba, domin kaya ba farashinsu ɗaya ba. Kowa ya san nama ya fi daddawa daɗi a miya, amma kuɗin tsoka ɗaya za su sayi daddawar kwanaki. Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne a raba ƙarin gamsuwar kowane abu da farashinsa, a ga nawa kowace naira take jawowa. Littattafan da aka rubuta a Amurka da dala suke wannan lissafi, na Ingila da fam, mutumin Maraɗi kuma da sefa zai yi nasa. Sunan kuɗin bai canja komai ba.

A ƙaddara wani malamin firamare a ƙasar Kabo ya ware naira 10,000 don awon mako, kuma abu biyu kawai zai saya: masara da wake. A ƙaddara kwanon masara naira 1,000 ne, na wake kuma naira 2,000. Waɗannan farashi da makin da ke tafe duk na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi.

| Kwano | Ƙarin gamsuwar masara | A kowace naira 1,000 | Ƙarin gamsuwar wake | A kowace naira 1,000 |
|---|---|---|---|---|
| Na 1 | 100 | 100 | 140 | 70 |
| Na 2 | 80 | 80 | 100 | 50 |
| Na 3 | 60 | 60 | 80 | 40 |
| Na 4 | 40 | 40 | 60 | 30 |
| Na 5 | 30 | 30 | 40 | 20 |
| Na 6 | 20 | 20 | 20 | 10 |

Wanda ya dubi makin kawai zai ce a fara da wake, tun da 140 ta fi 100. Wannan kuskure ne. Naira 2,000 da za ta sayi kwanon wake na farko ta kawo maki 140, ita ce za ta sayi kwano biyu na masara ta kawo maki 180. Don haka malamin zai fara da masara kwano biyu. Daga nan sai wake ya sha gaba, domin kwanonsa na farko yana ba da 70 a kowace dubu, kwanon masara na uku kuwa 60. Haka zai riƙa bin inda nairarsa ta fi ƙarfi: masara na uku, wake na biyu, sannan masara na huɗu da wake na uku, waɗanda suka yi kunnen doki a kan 40. A nan kuɗinsa suka ƙare: masara kwano huɗu naira 4,000, wake kwano uku naira 6,000. Jimillar gamsuwarsa maki 600.

Ana iya gwada kowane rabo daban a gani. Masara shida da wake biyu suna ba da 570. Masara biyu da wake huɗu suna ba da 560. Wake zalla kwano biyar 420 kawai yake bayarwa. Babu wanda ya kai 600. Dalilin kuwa a fili yake: muddin naira ta ƙarshe da aka kashe a wani abu ta fi wadda aka kashe a ɗayan kawo gamsuwa, to akwai riba a ɗauke kuɗi daga mai rauni a mayar wa mai ƙarfi. Sai lokacin da suka yi daidai ne babu sauran abin gyarawa. Ana rubuta ƙa'idar kamar haka:

ƙarin gamsuwar masara ÷ farashin masara = ƙarin gamsuwar wake ÷ farashin wake

Idan kayan sun fi biyu, sai a ci gaba da jera su a haka, da sharaɗin cewa jimillar abin da aka kashe ba ta wuce abin da ke hannu ba. Wannan ita ce ƙa'idar daidaita ƙarin gamsuwa, wadda wasu littattafai suke kira dokar Gossen ta biyu.

Ba a cewa magidanci yana zana jadawali kafin ya shiga rumfar masu awo. Amma wanda ya tsaya ya saurari ciniki zai ji lissafin yana gudana. Mai saye ya sa an auna masa kwano biyar, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, rage ɗaya, bari in ga mai manja." Wannan ragi da aka yi shi ne ƙa'idar gaba ɗayanta a aikace.

Idan farashi ya tashi

Mutanen Gwarzo da Kabo, kamar sauran 'yan Nijeriya, sun ga wannan darasi da idonsu a 'yan shekarun nan. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuma cikin 'yan kwanaki litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta haura naira 500. A watan Yuni na shekarar aka saki darajar naira ga kasuwa. Kuɗin mota suka tashi, kuɗin dakon hatsi daga ƙauye zuwa manyan kasuwanni irin ta Dawanau suka bi su. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a watan Yuni na 2024, wato abincin da aka saya naira 10,000 a Yunin 2023 sai da kimanin naira 14,000 bayan shekara guda. Mafi ƙarancin albashi, wanda yake naira 30,000 tun 2019, sai a watan Yuli na 2024 aka mayar da shi naira 70,000, gwamnatin Jihar Kano kuma ta tsayar da nata a naira 71,000 daga watan Nuwamba na wannan shekara.

A koma ga malamin nan. A ƙaddara kwanon wake ya ninka ya koma naira 4,000, masara tana nan yadda take, kuɗinsa kuma ba su ƙaru ba. Daɗin wake bai ragu ba, amma abin da kowace naira dubu take samowa a cikinsa ya rabu biyu: 35 a kwanon farko, 25 a na biyu. Yanzu mafi kyawun abin da zai iya yi da cikakkun kwanoni shi ne masara shida da wake ɗaya, jimilla maki 470. Daga nan ake gane asalin dokar buƙata, wadda ta ce idan farashin abu ya hau, yawan abin da ake saye yana sauka.

Akwai abu biyu a cikin wannan sakamako da suka cancanci a duba su da kyau. Na farko, rabon bai daidaita sosai ba. Naira dubun da ta tafi a kwanon masara na shida maki 20 ta kawo, alhali da ta shiga wake da ta kawo aƙalla 25, sai dai ba ta isa sayen cikakken kwano ba. Kasuwar Bahaushe ta daɗe da samar wa wannan matsala magani. Ana sayar da hatsi a buhu, a kwano, a rabin kwano, har a gwangwani. Ana kasa tumatir da attaruhu kashi-kashi. Ana ƙulla manja da man gyaɗa da sukari da gishiri a leda, ana ɓalle Maggi ɗai-ɗai. Malamin zai iya cewa a ba shi wake na naira dubu, ya bar kwanon masara na shida. Ƙananan ma'aunai suna bai wa mai ƙaramin ƙarfi damar kai kowace naira inda ta fi amfani. Sai dai wannan dama tana da nata haraji, domin wanda yake saye a ƙulle-ƙulle yakan biya fiye da mai sayen galan idan aka tara lissafin wata. Shi ya sa ma'aikaci yakan yi ƙoƙarin yin awo mai yawa da kaka, lokacin da hatsi ya faɗi, in har albashi ya bari.

Abu na biyu ya fi nauyi. Malamin bai yi wauta ba ko kaɗan, ya bi ƙa'ida yadda ya kamata, amma gamsuwar gidansa ta sauko daga 600 zuwa 470, kuma abin da ya fita daga tukunya shi ne abinci mai gina jiki. Kalmar "cikar gamsuwa" tana iya yaudarar mai karatu ya zaci ana maganar wadata. Abin da take nufi kawai shi ne, babu wani rabo da ya fi wannan a cikin kuɗin da ake da su. Gidan da yake cin tuwo da miyar kuka sau ɗaya a rana yana iya kasancewa a kan wannan matsayi, kuma yaransa suna kwana da yunwa. Tun a 1857 Ernst Engel, masanin ƙididdiga a Jamus, ya nuna cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon girman kason da abinci yake cinyewa a cikin abin da gidan yake samu. Saboda haka tashin farashin hatsi ya fi dukan mai ƙaramin ƙarfi, domin ba shi da wani abin more rayuwa da zai yanke kafin ya taɓa tukunya.

Wani lokaci ma al'amarin yakan juye. Idan abincin da talaka ya dogara a kansa ya yi tsada, yana iya barin nama da wake gaba ɗaya ya ƙara sayen wannan abincin, don shi kaɗai ne zai cika ciki. Marshall ya jingina wannan lura ga Robert Giffen, kuma a 2008 Robert Jensen da Nolan Miller suka wallafa binciken da ya nuna irin wannan hali game da shinkafa a tsakanin matalautan lardin Hunan na ƙasar Sin.

A yankin Gwarzo da Kabo kuma, mai saye sau da yawa shi ne mai sayarwa. Masarar da ke rumbun manomi ba kyauta take ba a wurin lissafi, domin kowane kwano da aka kai niƙa kwano ne da ba a kai kasuwa ba. Saukar farashin hatsi, wadda take faranta wa ma'aikaci, ita ce take rage wa manomi kuɗin taki da na magani.

Inda ƙa'idar take da iyaka

Babu wanda ya taɓa auna gamsuwa da kwano ko da sikeli. Makin da aka yi amfani da su a sama dabara ce ta koyarwa. Masana da kansu sun ga wannan rauni, kuma a 1934 John Hicks da R. G. D. Allen suka nuna cewa ana iya gina ƙa'idar ba tare da ƙidaya gamsuwa ba. Ya isa a san cewa mutum ya fi son wannan haɗin kaya a kan wancan. Herbert Simon, wanda ya samu kyautar Nobel a 1978, ya ƙara da cewa mutane ba su da lokaci ko cikakken sani da za su nemi mafi kyau a kullum, sukan tsaya ne a kan abin da ya wadatar. Wanda ya iso kasuwa da yamma yana sauri kada motar garinsu ta tashi ba zai zaga rumfuna goma yana taya ba.

Akwai kuma tambayar gamsuwar wa ake lissafawa. Littafi yana maganar mai saye guda ɗaya, amma kuɗin cefane na gida guda ne. Maigida ne yake fitar da su, uwargida ce ta san abin da tukunya take nema, yara kuma ba a tambayarsu. Haka nan gudunmawar biki, da goron suna, da kuɗin motar zuwa gaisuwar mutuwa, duk suna cin kuɗi. Wanda bai san al'umma ba zai kira su ɓarna, alhali mutunci da zumunci buƙatu ne na gaske, kuma wanda ya yi wa mutane yau shi za a yi wa gobe.

Iyakar da ta fi shafar malami ita ce ta lokaci. Gamsuwar kwanon masara a daren yau take zuwa, ta littafin rubutu da fensir kuwa sai bayan shekaru. Idan aljihu ya yi ƙunci, buƙatar da ke kuka yanzu ita ce take rinjaye a ma'auni. Malamin da ya fahimci haka, in ya ga ɗalibi ya zo aji mako guda babu littafi, zai yi tunani kafin ya yanke cewa iyayen yaron ba su damu da karatu ba. Zai kuma auna abin da yake ɗora wa iyaye. Duk lokacin da ya ce kowane yaro ya zo da sabon littafi ko kuɗin wani abu, nairar da za a biya daga wani wuri za a ɗauko ta, kuma a gidaje da yawa wurin nan shi ne tukunyar miya.

Aikin aji

Malami mai neman ƙwarewa, a lokacin koyarwar gwaji, yana iya kafa ƙaramar kasuwa a cikin aji. A yanka takardu a matsayin kuɗi, a ba kowane rukuni na ɗalibai naira 5,000, a jera sunayen kaya biyar da farashinsu na ainihi kamar yadda ɗaliban suka jiyo a kasuwar garinsu a wannan mako. Kowane rukuni ya yi cefanen gida mai mutum shida, ya rubuta abin da ya fara saye da abin da ya saya a ƙarshe. Daga nan malami ya ninka farashin abu ɗaya, a sake cefanen, sannan kowane rukuni ya faɗi abin da ya cire daga kwandonsa da kuma wanda zai fi jin rashinsa a gidan.